Yadda Ake Tsine wa Littafi Cikin Minti Uku

Kana son aiki a shagon taya na kawunka? Bi matakan nan, aiki ya samu. Ni na bi su bara a garinmu na kudancin Ohio ta Amurka, ga shi yau ina faci.

1. Dubi allon ƙofar gida

Kafin ka san ra'ayinka, dubi allon zaɓen da mai ba da aikin ya kafa a ciyawar gidansa. Na Kawu Dwayne ja ne, launin jam'iyyarsa, tun ba a haife ni ba. Da shuɗi ne, da wani abin daban za ka tsine wa. Hanyar dai ɗaya ce.

2. Karɓi takarda, rage tambaya

Kawu ya miƙo min shafi ɗaya na wani littafin laburaren makarantarmu da ya bugo daga intanet.

"Talata da yamma hukumar makarantu za ta zauna. Kai ka gama makarantar kwanan nan, bakinka ya fi namu nauyi. Ka faɗa musu abin da littafin nan ya yi maka."

"Kawu, kun karanta shi?"

"Ni mahaukaci ne? In ka yi abin kirki, Litinin ka zo da takalmin aiki."

3. Ɓoye cewa ka karanta

Nan ne wuyar. Labarin wani yaro ne da ubansa ya fita bai dawo ba. A shafi na 112 akwai ashar biyu. In ka taɓa aronsa sau huɗu a shekarar da naka uban ya fita, ka manta. Gwani shafi ɗaya yake riƙewa.

4. Rubuta suna da wuri

Takardar masu magana tana bakin ƙofa. Kowa minti uku, jar fitila na kamawa a kashe lasifika. Sa sunanka bayan na mai ihu, duk abin da ka faɗa zai yi kama da hankali. Zauna a dama, wajen masu son a cire littafin. Uwar abokinka tana hagu, ba ka san ta ba sai bayan zaɓe.

5. Kada ka kalli layi na biyu

Nan Malama Hensley mai kula da laburaren makaranta take, jaka a cinya. Kalli agogo. Ka ce "'ya'yanmu" ko da kare ba ka ajiye ba. Karanto ashar ɗin da ƙarfi. Waɗanda suka zo hana ashar za su tafa maka.

6. Karɓi ladanka

Ƙuri'u biyar suka rinjayi biyu, aka cire littafin. Kawu ya daki kafaɗata. A wajen ajiye motoci Malama ta tare ni.

"Colby, baki ya buɗe. Da ko ido ba ka iya haɗawa da mutum."

"Malama, ni dai..."

"Na sani. Ajinmu ɗaya da Dwayne, shi kam bai taɓa wuce shafi ɗaya ba." Ta zaro littafin daga jaka. "Gobe shara za shi. Riƙe. Dama ban da kai babu wanda ya taɓa aronsa."

Katin aro yana manne a bangon baya. Sunana huɗu a jere, ƙasa babu komai.

Gargaɗi

Babu ruwan mai rubutun nan da abin da zai biyo baya: gaisuwar da aka daina amsa maka, ko littafin da za ka riƙa turawa ƙarƙashin kujerar mota duk sanda kawunka ya leƙo. Aiki na yi maka alkawari. Shi kuwa akwai, taya ba ta daina fashewa.