Yadda Na Aurar da Amarya Sau Biyu

Jalingo ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba aka miƙa min makirufo a liyafar auren abokina Bulus a Kona, kusa da birnin. Ni malamin Turanci guda, na gyara nektayi zan sanar an ɗaura aure, na rangaɗa: "The bride had already married!"

Ashe na shelanta cewa amarya ta taɓa aure. Uban ango ya miƙe tsaye.

Goggon amarya, tsohuwar malamar makaranta, ta tuntsire da dariya: "Baba, zauna. Kalmar 'had' ce ta yi wa ɗan nan yawa a baki."

Kowa ya kwashe da dariya. Allah ya saka mata da alheri. Har yau 'ya'yan Bulus "Kawu Olredi" suke kirana, saboda "already" ɗin nan.