Rasuwar Kwamfutar Falmata, Wadda Aka Tsinta a Buhun Shinkafa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ido a kan wasu mutane, Malama Falmata Ari ta Haɗeja, ɗalibar ilimin sararin samaniya, tana sanar da rasuwar kwamfutarta, wadda ta tafi da aikin digirinta na biyu a ciki, ba a kwafe shi ko'ina ba.

Marigayiya mai haƙuri ce. Aikinta lissafin iskar da ke tsakanin taurari: yadda garken taurari mai naɗi kamar gammo yake zaune lafiya idan shi kaɗai ne, amma da zarar ya faɗa cunkoson 'yan'uwansa, sai su yi ta fizgar iskarsa suna dama ta har ta hargitse. Ba a taɓa jin ƙorafinta ba, illa "fuuu" ɗin fankarta idan lissafi ya yi nauyi.

Abin da take lissafawa shi ya same ta. Da ruwa ya ci gonakin Auyo bana, dangi suka cika gida. Wannan ya soka wayarsa caji, wancan ya roƙi kallon fim, yara suna tsallake ta da kofin koko. Falmata ta yi kara, don ba a yi wa wanda ambaliya ta koro rowa.

Ranar Talata ta dawo daga makaranta, tebur wayam. Da ƙyar aka gano marigayiya a cikin buhun shinkafa, an turbuɗe ta har wuya. To, kowa ya san abin da ya jiƙe ake cusawa cikin shinkafa don ya bushe. Ke nan akwai wanda ya ga hatsarin, ya yi jinya a ɓoye, ya kama bakinsa. Wannan shirun ya fi mutuwar yi wa Falmata ciwo. Da aka tambaya, kowa ya ce yana masallaci, har da masu rarrafe. Kawu Shu'ibu kuwa, wanda bai taɓa ba ta ko goro ba, tun ranar yake aiko mata da bandar kifi.

Marigayiya ta rasu ta bar caja, da jaka, da malamin jami'a mai jiran babin ƙarshe kafin wata ya mutu.

Gobe bayan la'asar za a kai gawa rumfar Misbahu mai gyara, a buɗe cikinta, ko aikin yana da sauran numfashi. Idan babu, shekarar Falmata ta bi ruwa. Ana karɓar gaisuwa a tsakar gida. Mai makoki ta ce ta yafe wa kowa har ga Allah, amma duk wanda ya fi ta kuka ya tsaya bayan an watse.