Ranar da Nafisa Ta Ƙi Yi Mini Kuskure

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da safiyar da 'yar shekara huɗu ta kwance mini zani a gaban mai ba ni maki ba.

Lokacin ina shekarar ƙarshe ta horon malaman ƙananan yara. Na gama jami'a da digirin lisans a hannu, na shekara biyu ina taya Inna ninke atamfa a shago, kafin Allah ya sa na samu shiga horon nan. Abin da ake cusa mana safe da yamma guda ne: yaro shi ne tsakiyar aji, ba malama ba. Ki durƙusa daidai tsawonsa, ki tambaye shi, ki bar shi ya taɓa, ya gwada, ya yi kuskure, ya gano da kansa. Na haddace wannan tsaf. A takarda dai babu mai kamo ni.

Sai aka tura ni koyon aiki a wata 'yar makarantar yara a nan Zongo, layi biyu da gidanmu. Nan na gane yaran takarda daban, yaran Zongo daban. Ka yi tambaya ɗaya, a ba ka amsa goma da Hausa da Mosanci da Faransanci a cakuɗe, wani kuma ya cire wando ya miƙo maka. Ga shi wadda za ta zo duba ni ita ce Madam Jan Biro (ba sunanta ba ne, amma duk ajinmu haka muke ce mata a bayan ido). Darasi ɗaya za ta gani. In ya yi, difiloma. In bai yi ba, in maimaita shekara. Inna kuwa ta riga ta ware atamfar walima, ta kuma shaida wa duk wanda ya zo sayen ko da ɗankwali ne cewa 'yarta ta kusa zama malama.

Darasin da na zaɓa mai sauƙi ne: baho cike da ruwa, yara su riƙa jefa abubuwa, su gano me ke nutsewa me ke tsayawa a sama. Amma tsoro ya hana ni sakat. Idan suka yi shiru fa? Idan suka yi wanka a bahon fa? Sai shaiɗan ya kawo mini dabara, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu. Kwana uku muna gwaji. Na raba wa kowa tambayar da zai yi "da kansa". Na koya musu inda za su ce "Laaa!" don mamaki. (Ku yi tunani, mamaki ma sai da na koyar da shi.)

Saura abu guda. Madam tana son ganin yadda malama ke karɓar kuskuren yaro ba tare da tsawa ba. To ina zan samu kuskure, alhali kowa ya haddace amsa? Sai na naɗa mai kuskure. Na zaɓi Nafisa, wata 'yar siririya mai kitso biyu da ba ta cika magana ba. Na ce mata, "In na ɗaga dutse, ki ce zai tsaya a sama. Ni kuma zan yi murmushi in ce mu gwada mu gani." Kwana uku tana faɗa, kwana uku sauran yara suna yi mata dariya. Na ga tana sunkuyar da kai, amma hankalina yana kan difiloma.

Ranar ta zo. Madam ta iso daga unguwar Tampouy a kan babur, ta gaida mu da Faransanci, ta zauna a 'yar kujerar yara a bayan aji, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta. Na durƙusa kamar yadda littafi ya ce. Na ɗaga murfin kwalba, ban ko buɗe baki ba ajin gaba ɗaya ya ɗauka, "Zai tsaya a samaaa!" Na jefa cokali, tun bai taɓa ruwa ba aka ce "Laaa!" Na saci kallon Madam, jan biron yana tafiya.

Na ce a raina, bari in kawo gwanintar. Na ɗaga dutsen, na gyara murya ta yi zaƙi. "Nafisa, me kike gani zai faru da wannan?"

Ta ƙura wa dutsen ido. Na ƙara murmushi, har kumatuna suka yi ciwo. Na ɗan ƙifta mata ido.

Ta miƙe tsaye, ta ce da ƙarfin da ban san tana da shi ba, "Tanti, ni yau ba ni yin ƙarya. Yaabata, kakata, tana fasa dutse a unguwar Pissy, na san dutse. Dutse nutsewa yake. Ki ba Musa shi yi kuskuren, ni na gaji da a yi mini dariya."

Musa kuwa ya zabura, "A'a! Ni tawa tambayar cokali ce, Tanti ta ce sai ta taɓa kunnenta zan yi ta!"

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige har da bahon. Abu guda ya rage mini na riƙewa: ai da Hausa suka yi maganar, Madam kuwa ban taɓa jin ta yi Hausa ba. Na juyo da sauran murmushina zan fassara mata da cewa yarinyar tana ba da labarin kakarta ne. Ta ɗaga mini hannu. Ta ajiye biron, ta cire takalmi, ta zo ta zauna dirshan a tabarma, ta ce da Hausa garau, "'Yata, kin yi gaskiya. Zo ki nuna mini dutsen nan."

Ashe a unguwar Tiendpalogo ta tashi, cikin Hausawa masu goro. Shekara guda muna gulmarta da Hausa a gabanta.

Ni dai ina durƙushe kamar mai neman gafara, aji ya kuɓuce daga hannuna. Yara suka yi ta kawo abubuwa: alli, ganye, takalmin roba, har da takalmin Madam, ba ta hana ba. Suna gardama, suna ture juna, rigunansu sun jiƙe sharkaf. Can sai Nafisa ta ɗauko 'yar ƙwaryar da muke ɗiban ruwa, ta sa dutsen a ciki, ta ɗora a kan ruwa a hankali. Ƙwarya ta yi lilo ta tsaya. Sai ajin ya ce "Laaa!", irin wadda ban koyar ba. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Tanti, ga shi ya tsaya. Yanzu ba ƙarya ba ne."

Nan ne kunyar gaske ta kama ni, wadda ta fi ta difiloma. Kwana uku ina sa yarinya ta zama abin dariya don a ce na iya tausasa wa yara.

Da aka tashi Madam ta kira ni gindin bishiya tana zazzage ruwa daga takalminta. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Darasin ya yi kyau ƙwarai, sai dai ba ke kika koyar da shi ba. Zan dawo bayan mako biyu, ba kuma zan faɗa miki ranar ba. Kafin nan ki je ki ba yarinyar can haƙuri."

Na je na durƙusa daidai tsawonta, karo na farko da na yi hakan ba don maki ba, na ce ta yafe mini. Ta yi nazari kamar alƙali, sannan ta ce ta yafe, amma gobe ita za ta riƙe ƙwarya.

Difiloma dai na samu bayan dawowar Madam, da makin da ba na son a tambaye ni, Inna kuma ta ɗinka atamfarta. Yanzu shekarata biyar da nawa ajin, kuma ban sake naɗa mai kuskure ba. Na gano ba a buƙata. In dai kuskure ake nema a aji, malama ta isa.