Ranar da Alƙalin Gindin Tsamiya Ya Zo da Kansa

A wani daji da ke bayan duwatsu, al'ada ce idan babba ya gaji da hidimar fada a naɗa shi alƙalin wani ƙauye, don a girmama shi. Sai ya karɓi rawani, a yi biki, ya koma inuwarsa. Shari'a kuwa muhuti, wato mataimakin alƙali, ke yanke ta da sunansa.

Haka aka yi wa Barmo, tsohon toron giwa, wanda ya shekara talatin yana waziri. Aka ba shi Gindin Tsamiya, ƙauyen ɓeraye da gafiyoyi. Barmo ya sha sasanta zakuna, saboda haka abin ya ɗan sosa masa rai. Amma da ya ji wai an riga an yanke hukunci bakwai da sunansa bai sani ba, kunya ta kama shi. Ya kama hanya.

Muhuti Ungulu ya tare shi a firgice. "Allah ya gafarta Malam, ai da ba ka wahalar da kanka ba. Alƙalai huɗu na yi wa aiki, ban taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba."

"To ga ta biyar," in ji Barmo. "Kira ƙara."

Wata gafiya ce, Tabawa, da 'ya'ya shida a bayanta. Tunku Maikano, ɗan majalisar fada, ya kore su daga raminsu, wai gadon kakansa ne. Ga damina ta kawo kai.

Tunku ya miƙe yana murmushi. "Ranka ya daɗe, ni da kai mun daɗe tare a fada. Ka san gidanmu, ka san asalinmu. Ba girmanka ba ne ka tsaya jin bakin mai satar gyaɗa. Sabo ai ba wasa ba ne."

Maganar ta taɓa Barmo, don Tunku ya sha goya masa baya a majalisa. Sai ya dubi Tabawa da 'ya'yanta.

"Gani ya kori ji," ya ce. "Mu je ramin."

A bakin ramin ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara, har idonsa ya zo daidai da nata. "Baiwar Allah, ban san dokar rami ba, a sama na yi rayuwata. Ƙofa nawa gare shi?"

Tunku ya yi caraf. "Ɗaya! Ga ta nan."

Tabawa ta ce a hankali, "Biyu ne, Malam. Ni na haƙa ta biyun, shekarar da maciji ya cinye mijina."

"Nuna mana."

Ta shige. Jim kaɗan sai ga ta ta ɓullo daga ƙarƙashin wani suri, nesa da taron, ƙasa duk a kanta. 'Ya'yanta suka ruga gare ta.

Barmo ya ce, "Maikano, ramin ƙarya ƙurarre ne, nata kuwa ya ɓulle. Zumuncinmu yana nan, ka zo mu ci tuwo duk ran da ka so. Amma gida na Tabawa ne."

Bai koma fada ba. Ya sa Ungulu ya kawo hukuncin nan bakwai, ya sake sauraron su ɗaya bayan ɗaya, ya warware biyar.

Da labari ya isa fada, manya uku suka aika a tambayo musu hanyar ƙauyukan da suke alƙalanci. Sauran kuwa, an ce duk ciwon ƙafa ya kama su a mako guda.