Farar Wuta a Shayin Yallaɓai

Allah ya yi wa sashenmu baiwa da shugaba. Mu ma'aikatan ɗakin murhu muna kiransa Aman-Wuta, don in ya buɗe baki kowa mafaka yake nema. Bai taɓa ƙona ko ɗan yatsa ba, amma ya san cikin narkakken dutse fiye da hanyar gidansa.

Aikinmu shi ne mu narka dutse, mu auna yawan farar wutar da zai shanye kafin ya ƙoshi. Gwaji ɗaya kwana uku. Shi kuwa ya samo manhajar da ke lissafa wannan a kwamfuta tun shayinsa bai huce ba.

"Manhaja ta ce dubu da ɗari biyu da arba'in," in ji shi. "Ku kun kawo ɗari tara. A sake."

"Yallaɓai, sau uku muka sake," in ji Baba Mai Murhu, wanda ya shekara ashirin a ɗakin.

"To, dutsen ne bai yi karatu ba."

Haka ya rubuta wa hukuma cewa zamanin gumi ya wuce, a rufe murhu, a sallame mu. Aka turo wata tsohuwar farfesa ta gani da idonta.

Ranar ya sha kwat, ya yi jawabin awa guda. Ya shigar da bayanan dutse na farko, allo ya nuna dubu da ɗari biyu da arba'in. Na biyu ma haka.

"Kin ga daidaito!" ya ce. "Ɗan Adam zai iya?"

Baba ya gyara murya. "Yallaɓai, a taimaki jahili. A sa wa manhajar zafin shayin nan mu gani."

Ya yi dariyar tausayi, ya sa. Dubu da ɗari biyu da arba'in.

Farfesa ta sa tabarau, ta miƙa yatsa, ta danna wani ɗan maɓalli a ƙasan allo. Nan take lamba ta sauya. Ashe shekara biyu shafin misalin da ya zo da manhajar yake karanta mana. Bai taɓa danna wurin lissafi ba. Da aka sa dutsenmu na farko, manhajar ta ba da ɗari tara da goma.

Murhu na nan yana ci, mu ma muna nan. Da safe Baba ya kai masa shayi, ya ajiye a hankali.

"A sha sannu, Yallaɓai. Farar wutarsa ta yi yawa."