Motar Dogo Ba Ta Shan Mai

"...to ya ƙarfin jikin, bawan gidanmu? Ko har yanzu ana nan ana gadin katifa?"

"Lafiya lau na kwana, sai yanzu da na ga fuskarki. Wa ya bar ƙofa a buɗe har kaza ta shigo?"

Mai gaisuwar Gajera ce, mai amsawa kuma taubashinta Dogo. Ita 'yar namiji, shi ɗan mace, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa suka rabu ba a yi tsiya ba. Dogo tsohon direban tirela ne. Da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi, 'ya'yansa suka kawo shi gidan kula da tsofaffi. Hannun hagu ya ɗan dawo, ƙafar ce sai ja. Malamar gashi, wadda ke motsa wa tsofaffin gidan gaɓoɓi, ta ce ƙafar za ta tashi in ya riƙa taka ta, in kuwa ya ƙi, ta sandare ke nan. Dogo ya ƙi. Kullum da hantsi tsofaffin unguwa kan shigo su haɗu da na gidan a babban zaure a motsa jiki, Gajera ma tana cikinsu, amma shi ko leƙe. Yau ga ta ta turo wani abu mai taya huɗu da mariƙi biyu, ko ledarsa ba a gama cirewa ba.

"Tashi ka karɓi makulli," in ji ta. "'Yarka ce ta aike ni in sayo maka mota. Na zaga kasuwa kaf kafin in sami daidai kai."

Dogo ya dubi abin sheƙeƙe. "Wannan? Ai keken koyon tafiyar yara ne ya yi ƙiba."

"Shi ya sa na ce daidai kai. Ba haƙora, ba tafiya, a ba ka a baki, a goge maka. Goyo kawai ya rage, shi ma don zanin ba zai kai ba ne."

"Ni da na ja taya goma sha takwas, duniya ta san ni, za ki kawo mini kwandon cefane? Komai ramar giwa ta fi kwando goma."

"Giwar da ta kwanta ai ta mahauta ce. Duba nan, har da birki. Ba ta shan mai, ba ta faci, ba ɗan sandan da zai tsayar da kai. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki."

"Wa ma ya aiki makauniya sayayya? Kalar nan fa? Ja wur kamar bakin mai cin goro."

"Don masu hanya su hango ka su kauce. Na san tuƙinka."

"Tuƙina? Sau nawa na ɗauke ki kyauta, ke da buhunanki, kina amai ta taga?"

"Tsoro ne ya sa ni aman, ba mota ba. Kai, bari ma ka ji, jiya a zaure na gyara musu tarihi. Na ce Dogon nan da kuke jin labari bai taɓa riƙe sitiyari ba. Yaron mota ne, aikinsa sa wa taya waigi da wanke gilashi."

Dogo ya yunƙura har filo ya faɗi. "Kin faɗa wa wa?"

"Kowa da kowa. Tsohon tela ma cewa ya yi dama ya yi zargi, wai ƙafarka ba ta yi kama da ta mai taka totur ba."

"Tela! Wanda bai taɓa taka abin da ya wuce keken ɗinki ba? Ramin ƙarya ƙurarre ne, Gajera."

"To zo ka ƙure shi. Zauren ba nisa, ƙarshen baranda ne."

Dogo ya dubi ƙafar hagun da ke shimfiɗe kamar ba tasa ba, ya ja bargo ya rufe ta.

"Ke ba ki gane ba," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Mutanen nan da yawansu sun san ni ina dirowa daga kan tirela ba tare da na taka matakala ba. Yanzu in fito ina jan ƙafa kamar buhu, a yi ta ce mini sannu? Gara su riƙe wancan Dogon."

Gajera ta zauna a bakin gadon, ta gyara mayafinta.

"Wancan Dogon wari yake, man juye da gumi," ta ce daga baya. "Ba wanda ke kewarsa. Kuma wa zai ce maka sannu? Tela da hannu ɗaya yake ɗaga gorar ruwa, yana yi yana zagin gorar. Ni gwiwoyin nan in na durƙusa sai an kira mutum biyu. Kowa da yoyon ɗakinsa. Mu duka cikin danginmu wa ya rage da zan zaga ya rama? In ka sandare a nan, bango zan riƙa yi wa tsiya?"

"Bango ma ya huta da ni a raye."

"Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Tashi, ko in koma in ce musu ko waigin ma ba ka iya sawa ba."

"Kira mini malamar nan. Ba don ke ba, don tela."

Malamar gashi ta shigo tana ɓoye murmushi. Ta ɗaura masa ɗamara a ƙugu ta riƙe ta baya, ta nuna masa yadda zai matse birki kafin ya miƙe. Tashin farko ya koma daɓas. Na biyu ya tsaya, yana rawa kamar sabon ɗan maraƙi, gumi na tsattsafo masa a goshi.

"A'a, ashe har yanzu da tsawonka," in ji Gajera tana ɗaga kai. "Na ɗauka kwanciya ta cinye."

"Matsa daga gaban mota, kar a ce na take akuya."

Suka fito baranda. Ƙafar dama ta taka, ta hagu ta biyo baya da ja, taya na ɗan ƙara a kan siminti. Gajera na gefe tana nata ɗingishin, bakinta bai huta ba.

"Hattara jama'a, ga babbar mota! Kunkuru, yi haƙuri ka wuce ta dama, direban sabon shiga ne!"

"Sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe. Ka yi sauri kafin jikokina su yi furfura."

Sau biyu yana tsayawa ya jingina da ƙarfen da aka kafa a jikin bango, malama na ce masa ya ja numfashi. Sau biyun Gajera na cewa mai ne ya ƙare. Amma da suka doshi ƙofar zauren, inda ake jiyo tafi da ƙidayar masu motsa jiki, sai Dogo ya lura tsiyar ta ɗauke. Ya waiga. Gajera na baya, ta dafa bango, tana haki kamar ta yi tsere.

"Af! Ina mai bakin? Injin ne ya buga?"

"Gwiwa ce, ɗan nema. Tun safe nake yawon kasuwa saboda kai."

Dogo ya matse birki, ya kama ƙarfen bango da hannun dama, ya nuna mata 'yar kujerar da ke tsakiyar keken da haɓa.

"Hau. Ban taɓa wuce fasinja a hanya ba, ko da mummuna ce."

Ta zauna tana dariya har da hawaye. Daga cikin zaure tela ya hango su, ya ɗaga gorarsa sama yana kiran Dogo. Gajera ta laluba jakarta ta ciro lemo guda, ta cusa masa a hannun hagun, ta naɗe yatsunsa a kai da nata.

"Na sallama, direba ne kai. Ga ladanka. Amma da wannan hannun za ka ɓare, kuma rabi nawa ne."