Jan Ruwan Farfesa Nano

A duk sashen kimiyya babu kamar Farfesa Nano, kuma shi ne ya fara gano hakan. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, shi kuwa ya ɗauka kirari ne, har yana amsawa da ɗaga hannu. Ga farin kwat da bai taɓa sanin ɗigon komai ba, ga tabarau da ya tare a goshi.

Aikinsa haɗa ƙwayoyin wani sinadari mai suna siliniyam, 'yan mitsi-mitsin da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira nano. Hanyar ba ɓoyayya ba ce. A narka gishirin siliniyam a ruwa, a zuba ruwan wani tsiro, in haɗin ya rikiɗe ya koma ja, ƙwayoyi sun samu. Wasu da lemun tsami suke yi, wasu da tafarnuwa, su yi ta zaman jira, wani lokacin su tashi a tutar babu. Gwanin namu kuwa ɓawon jar albasa ya zaɓa, kuma tun da ya fara ruwansa bai taɓa ƙin yin ja ba.

"Ni ba na jiran siliniyam," yakan ce yana shafa tumbi. "Shi ke jirana."

Gishirin guba ne, don haka ranar da aka kawo shi ya daka tsawa cewa kada ya ga hannun kowa a kan kwalbar. Daga nan ya manta da zancen. Ɗalibai suka ɗauka shi ke zubawa da hannunsa mai albarka in sun fita. Shi kuma ya ɗauka sun zuba tun kafin ya shigo, don babba ba ya awo. Babu mai tambaya, saboda tambaya ɗaya takan jawo laccar da sai ƙafa ta yi sanyi.

Ana nan sai ga kwamitin da zai zaɓi shugaban sabuwar cibiyar bincike, kujerar da Farfesa ya daɗe yana kwana da ita yana tashi da ita. Ya tsiyaya ruwan albasa, haɗi ya yi jawur, ya fara tafa wa kansa. Daɗi ya kwashe shi, ya miƙa hannu ya ɗauko kwalbar gishirin.

"Ga bawan nawa. Shekara da shekaru ina juya shi yadda na ga dama."

Shugabar kwamitin ta ce tana son ganin garin gishirin. Ya murɗa murfi, murfi ya ƙi. Ya sa gefen kwat, ya cije leɓe, gumi ya karyo. Ashe ledar da kamfani ya liƙe bakin da ita tana nan daram.

"Ranka ya daɗe, ta farkon ce ta ƙare?" in ji shugabar.

Ya waiwaya wajen ɗalibansa, suka haɗa baki cikin ladabi: "Ita kaɗai ce, Malam."

Kwamiti ya yaba da haƙurin Farfesa, ya kuma amince da sakamakon bincikensa baki ɗaya: lallai jar albasa ja ce.